Tayil, kafet ko leda: yadda za ka gyara ƙasan ɗaki a Kano

Duk mai shiga gidajen biki a Kano a 'yan shekarun nan ya ga yadda ƙasan ɗaki ya sauya. A da sai an malale falon amarya da kafet daga bango zuwa bango, ja ko ruwan goro ko shuɗi mai manyan furanni, kafin 'yan jere su ce sun gama. Yanzu abin da ake yayi shi ne manyan tayil masu launi mai sanyi, ruwan toka ko ruwan madara ko fari mai jijiya irin ta mabul, sannan a ɗora kafet ɗin tsakiya guda ɗaya a gaban kujeru. A ganina wannan yayin ya dace da garinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin ko ina, kuma shimfiɗar da za ka iya naɗewa ka fitar ka kakkaɓe ta fi wadda aka manne da gam sauƙin zama da ita. Sai dai mutane da yawa suna zuba kuɗinsu a kan zane da launi, su yi sakaci da daɓen da ke ƙasa da hannun da zai yi aikin, alhali su ne ba a iya sauyawa idan an gama.

Fara da tambayar waye zai taka shi

Kafin ka taka kasuwa, zauna ka amsa wa kanka tambayoyi kaɗan. Gidan naka ne ko haya kake? Idan haya ce, kada ka binne kuɗinka a tayil sai kun yi magana da mai gida a gaban shaida cewa za a cire a kuɗin haya. In ba haka ba, leda mai kauri da kafet ɗin tsakiya sun ishe ka, ranar tashi ka naɗe abinka.

Akwai jarirai ko masu rarrafe? Wannan ita ce babbar hujjar da ta sa ba na ba mai ƙananan yara shawarar kafet mai cika ɗaki. Fitsarin yaro idan ya shiga kafet ɗin da aka manne, tsarkake shi aiki ne, domin ruwan da ka zuba ba shi da inda zai fita, sai ya kwanta a ƙasa ya yi wari, ga shi kuma a ɗakin ake sallah. A kan tayil ko leda kuwa, ruwa da tsumma sun gama magana. Akwai tsoho ko tsohuwa a gidan? To ka cire tayil mai ƙyalli daga lissafin ɗakinsu da hanyar banɗakinsu, saboda ƙafar da ta fito daga alwala ba ta riƙe shi. Mai asma ko yawan atishawa shi ma kafet mai dogon gashi ba nasa ba ne.

Duba daɓen kafin komai

Wannan matakin shi ake tsallakewa, kuma shi ke jawo yawancin ɓarnar da ake ɗora wa kaya. A gidaje da yawa na cikin birni da unguwannin da ke kwari, danshi yana tasowa daga ƙasa, musamman daga Yuli zuwa Satumba. Alamarsa ba ta ɓuya: gindin bango yana yin fari-fari, fenti yana ɓarewa, ɗaki yana warin rima idan ya kwana a rufe.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Samu farar leda mai faɗin kamar rabin mita, shimfiɗa ta a kan simintin, ka liƙe gefunanta huɗu da salatef yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta kwana ɗaya cur. Idan ka ɗaga ka ga gumi a jikinta ko simintin ya yi duhu, akwai danshi. A irin wannan ɗakin leda za ta riƙe ruwa a ƙarƙashinta, kafet zai yi fumfuna, katakon zamani da ake kira laminet zai kumbura. Tayil ne kaɗai zai jure, shi ma gara a fara gano inda ruwan ke fitowa: famfon da ke yoyo a cikin bango, kwatar maƙwabta, ko tsakar gidan da ta fi ɗaki tudu. Wanda yake kan gini ya tabbatar an shimfiɗa baƙar leda mai kauri a ƙarƙashin kankaren daɓe, a kuma zuba maganin gara kafin a zuba shi. Sabon kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya yi ƙarfinsa, bushewarsa kuma ta fi haka ɗaukar lokaci, don haka kada gaggawar biki ta sa a rufe shi da ɗanyensa.

Bayan haka ka ɗora dogon katako miƙaƙƙe a wurare daban-daban ka leƙa ƙarƙashinsa. Inda ka ga rami ko tudu, a gyara shi da siminti tun yanzu. Ka kuma buɗe ƙofa ka duba tsakaninta da ƙasa, domin tayil da kwaɓinsa za su ɗaga ɗakin da santimita biyu zuwa huɗu, ƙofar ƙarfe kuma ba ta yankuwa da sauƙi.

Awo da lissafi

Auna tsawo da faɗi da tef, a mita, ka ninka su. Ɗakin da magina ke kira sha biyu sha biyu, wato ƙafa 12 ko ta ina, mita 3.66 ne kowane gefe, ya kama murabba'in mita 13.4. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama kusan 14.7. Tayil mai santimita 60 da 60 yawanci guda huɗu ne a katon, katon ɗaya yana rufe murabba'in mita 1.44, kenan katon 11 za ka saya. Idan da shi za a zagaye gindin bango, ko za a jera shi a karkace, ƙara wani abu a kai. Koyaushe ka karanta adadin da aka rubuta a jikin katon, saboda kamfanoni suna bambanta.

Ka yi lissafin nan da kanka ko da mai aiki ya yi nasa. Sannan ka sayi katon ɗaya na ajiya. Zanen tayil yana ɓacewa daga kasuwa, bayan shekara biyu idan guda ya fashe da wuya ka sami ɗan'uwansa.

Zaɓen tayil

Iri biyu za ka fi tararwa. Akwai siramik, wanda bayansa yawanci ja ne ko ruwan ƙasa, mara nauyi sosai, mai shan ruwa. Akwai fosilen, wanda aka gasa da wuta mai tsanani, ya fi nauyi da tauri, ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Don ka bambance su, kifa tayil ɗin ka ɗiga masa ruwa a baya. Idan ya tsotse nan take siramik ne, idan ruwan ya tsaya ya yi ƙwallo fosilen ne. Falo, baranda da duk inda ake yawan zirga-zirga, fosilen ya fi. Uwar ɗaki siramik mai kyau ya wadatar. Kada ka yarda a sa maka tayil ɗin bango a ƙasa don ya fi araha, bai da ƙarfin ɗaukar ƙafar gado.

Girman da ake yayi yanzu 60 da 60 ne, masu hali kuma suna zuwa 60 da 120, saboda layukan haɗi suna raguwa, falo ya yi kamar shimfiɗa ɗaya. Amma babban tayil ba ya yafe wa daɓe mara daidai, kuma a ƙaramin banɗaki ba ya ba da gangarar da ruwa zai bi. A can ƙanana masu kaushi, 30 da 30, su ne daidai. Akwai kuma dogaye masu zanen katako, waɗanda nake ganin sun fi komai kyau a ɗakin kwana: suna ba da kamannin katako, gara kuma ba ta da abin ci a jikinsu.

Batun launi, a nan ƙurar Kano ce alƙali. Baƙin tayil mai sheƙi yana ɗaukar ido a shago, amma a hunturu kana gama gogewa za ka ga sawun ƙafa a kansa. Fari tas shi ma kowane gashi da ɗigon shayi yana nunawa. Ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske da toka mai ɗan zane su ne ke ɓoye ƙura har zuwa sharar yamma. Mara ƙyalli ya fi mai ƙyalli riƙe ƙafa, kuma ba ya saurin nuna ƙarzar yashin da takalma ke shigowa da shi.

Ana yin tayil a nan gida Najeriya, akwai masana'antu a jihohin Ogun da Kogi, ana kuma shigo da na Sifen, Italiya, Indiya da Sin. Sunan ƙasa kaɗai kada ya ruɗe ka, kowace tana da mai daraja ta ɗaya da na baya. A Ƙofar Ruwa, inda harkar kayan gini ta fi ƙarfi, ko a shagunan Sabon Gari, abin da za ka ce wa mai kaya shi ne: “Alhaji, a buɗe mini katon biyu in gani.” Ɗauki guda daga kowanne ka haɗa su fuska da fuska. Idan sun kwanta lif babu rata a tsakiya ko a kusurwa, miƙaƙƙu ne. Jera huɗu a ƙasa ka ga ko girmansu ɗaya. Sannan ka duba lambar launi da aka buga a jikin katon, duk wanda za a loda maka ya zama lamba ɗaya, domin zane ɗaya da aka gasa a lokuta biyu yakan bambanta, ba kuma za ka gane ba sai an jera hasken taga ya faɗa a kai. Ku yi magana tun a nan kan fasassun da za a tarar a cikin katon da kuma mayar da ragowar da ba a buɗe ba.

Mai aikin

Araha ba ta ado, kuma babu inda maganar ta fi zama gaskiya kamar wajen ɗaukar mai sa tayil. Kada ka tsaya a hoton waya. Ka ce, “Malam, kai ni gidan da ka yi aiki bara.” Idan kun je, ɗauki makulli ko tsabar ƙarfe ka riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗin, tsakiya da kusurwoyi. Wanda ya zauna sosai ƙararsa a toshe take. Wanda ke amsawa kamar ganga akwai rami a ƙarƙashinsa, kuma ranar da turmi ko ƙafar kujera ta same shi a nan zai tsage. Abin da ke kawo wannan shi ne a ɗiga kwaɓi a wurare huɗu ko biyar a danna tayil a kai don a yi sauri a kuma rage siminti.

Ku yi ciniki a kan murabba'in mita, a rubuce, a kuma faɗi ko kuɗin ya haɗa da gindin bango da cike layuka. Kada ka biya duka sai ka bi ɗakin ka ƙwanƙwasa da kanka.

Ranar aiki ga abin da za ka sa wa ido. Ya fara ja igiya daga tsakiyar ɗaki ya jera layi ɗaya a bushe, don yankakkun su faɗa bayan ƙofa ko ƙarƙashin kujeru, cikakkun kuma su tari mai shigowa. Siramik ana jiƙa shi kafin a sa idan da siminti za a yi. Fosilen kuwa tunda ba ya shan ruwa, siminti zalla ba ya kama bayansa da kyau, garin gam na tayil da ake sayarwa a buhu shi ne nasa, a shafe shi ko ina da cokali mai haƙora. Ya bar rata ta milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da tayil da 'yan robobin nan masu siffar kuros, ya kuma bar 'yar rata a jikin bango wadda sikatin, wato tayil ɗin gindin bango, zai rufe. Masu gida da yawa suna cewa a matse su don kada layi ya fito. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, sanyin Janairu kuma ya sauko sosai da asuba, daɓe yana motsi, tayil ɗin da ba shi da wurin numfashi wata rana zai yi tsalle ya tashi a tsakiyar falo. A banɗaki ka zuba bokitin ruwa kafin ka sallame shi, ka ga ko ruwan ya nufi magudana ko ya kwanta a lungu.

A bar shi kwana ɗaya ba a taka ba kafin a cike layuka. Farin siminti yana yin baƙi cikin 'yan watanni, zaɓi abin cikewa mai launin toka ko wanda ya yi kusa da launin tayil ɗin. Kuma ka hana a wanke maka sabon tayil da asid mai ƙarfi, yana cinye layukan ya dusashe fuskar.

Idan ba tayil ba

Ledar ɗaki har gobe ita ce rufin asirin mai haya da ɗalibi, kuma yanzu ana samun masu zanen katako da mabul da ba su da muni ko kaɗan. Zaɓi mai kauri wadda idan ka lanƙwasa gefenta ba ta yin farin layi. A share daɓen tas, don tsakuwa ɗaya a ƙarƙashi ta isa ta huda ta, a kuma sa wani abu a ƙarƙashin ƙafafun gado.

Sabon shigowa shi ne SPC, falle-falle masu kamannin katako da aka yi da garin dutse da roba, kaurinsu milimita 4 zuwa 6, suna shiga juna ba tare da gam ba. Ba ya tsoron ruwa, gara ba ta ci, ana iya ɗora shi a kan tsohon tayil idan a daidai yake, kuma bai kai tayil sanyi a ƙafa ba. Kada a haɗa maka shi da laminet, wanda cikinsa garin katako ne: a gidan da ake goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma kullum, bakinsa zai kumbura. Ifoksi, wato ruwan roba da ake malalawa a kan daɓe ya daskare, mai hoton teku da kifaye ya yi tashe a hotunan intanet, amma yashi yana ƙarzarsa, rana tana sa shi rawaya, da ruwa kuma santsi ne da shi. Wanda ya gaji gida mai tsohon tarazo, wato daɓen siminti mai ɓarɓashin duwatsu da aka goge, don Allah kada ya fasa. A kira masu injin gogewa su fito da fuskarsa, zai fi tayil da yawa daɗewa. Kafet mai kamar ciyawa a bar shi a baranda da wurin wasan yara, inda rana ba ta dukansa da tsakar rana, saboda yana ɗaukar zafi.

Kafet ɗin tsakiya

Sai an gama duk wannan sannan a zo kan abin da ido ke fara gani. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen ƙarami. Kafet ɗin da tebur kaɗai ya hau, kujeru suna can nesa da shi, yana ƙanƙantar da falo. Ƙafafun gaba na kujeru su hau gefensa, a kuma bar tayil ya fito kamar taku ɗaya ko biyu tsakaninsa da bango. Girman da aka fi samu, a santimita, su ne 120 da 170, 160 da 230, 200 da 290, sai 300 da 400 na manyan faluka. Falo mai cikakken saitin kujeru da wuya ƙasa da 200 da 290 ya yi masa. Kafin ki fita, uwargida, shimfiɗa zannuwa a inda kike son kafet ɗin ya kwanta, ki auna su, ki tafi da awon da hoton kujeru da labule a waya. Falon maigida da aka yi wa zaman ƙasa irin na Larabawa, da filalluka da tumtum a jikin bango, shi ne wurin da kafet mai cika ɗaki ko babban guda ɗaya yake da hujja har yanzu.

Yawancin abin da ake kira ɗan Turkiyya saƙar inji ce, birnin Gaziantep kuma shi ne cibiyar wannan sana'a a can. Akwai na Sin, akwai kuma wanda ake saƙawa a Legas. Juya bayan ka karanta takardar. Wanda aka rubuta PP zaren roba ne, ba ya shan tabo da sauƙi, yana wankuwa, shi ya fi dacewa da gidan yara. Foliyesta ya fi laushi amma yana saurin kwanciya inda ake yawan takawa. Mai sheƙin siliki da ake kira biskos yana da kyau ƙwarai, sai dai ko ruwa ne ya zube masa yakan bar shaida. Ulu ya fi su duka ƙarko da tsada.

Don gane cikar saƙa, lanƙwasa kusurwar kafet ɗin ta baya ka kalli gindin gashin. Idan kana hango zaren ƙasa a fili, saƙar ba ta cika ba. Danna babban yatsa ka ɗaga, mai kyau yana miƙewa nan da nan. Goga farin hankici mai ɗan danshi ka ga ko launi zai biyo shi. Mai dogon gashin nan mai laushi yana da daɗin takawa, amma ƙwayar shinkafa da yashi idan suka shige shi tsintsiya ba ta fito da su. Gajeren gashi shi ne na Kano.

Zanen da ke tashe yanzu mai sauƙi ne: toka da ruwan madara da ɗan ratsin ruwan gwal, layuka da murabba'ai, ko tsohon zanen Farisa da aka dusashe da gangan. Dokar da nake bi guda ce. Idan tayil yana da jijiyoyi da yawa ko kujeru suna da furanni, kafet ya zama mai shiru. Idan su ne masu shiru, to kafet ya ɗauki launi, ya kuma ɗauko ɗaya daga launukan labule ko filalluka. A sa shimfiɗar roba mai hana zamewa a ƙarƙashinsa, musamman a kan tayil mai ƙyalli inda yara ke gudu.

Kula da shi

A jere, fenti da silin da wutar lantarki su riga tayil ƙarewa idan da hali, labule da kujeru su biyo baya, kafet ya zama na ƙarshe da zai shiga. A ajiye abin goge ƙafa mai kaushi a bakin ƙofa ta waje da wani mai laushi ta ciki, yawancin yashin a nan zai tsaya.

Babban maƙiyin kafet ɗin roba a gidajenmu shi ne garwashin turaren wuta. Ƙwaya ɗaya idan ta faɗo daga kasko, zaren narkewa yake ya bar baƙin rami da ba ya gyaruwa, don haka kasko ya zauna a kan tayil ko a cikin faranti mai faɗi. Dutsen guga ma haka. Wajen cin abinci a shimfiɗa leda. Idan miyar manja ko zoɓo ta zube, a danna da busasshen tsumma a tsotse, kada a cuɗa, sannan a bi da ruwan sanyi da ɗan sabulun wanke-wanke daga gefen tabon zuwa tsakiyarsa. Lalle kuwa a nisanta shi da kafet gaba ɗaya.

A hunturu a riƙa fitar da shi duk mako ana kakkaɓewa ta baya, a share ƙarƙashinsa, a kuma juya shi lokaci-lokaci don kada gefe ɗaya ya cinye. Babban wanki a yi shi a bazara, Maris ko Afrilu, lokacin da zai bushe a yini ɗaya. Masu wankin mota da yawa suna karɓar kafet. Ka gaya musu su shanya shi a kife don rana kada ta ci launin, kuma kafin ka karɓa ka tura yatsa har gindin gashin, idan da sauran sanyi ka bar musu shi ya ƙara yini.